Makin Jayayya

Masu cewa tafiya mabuɗin ilimi ba su faɗi abin da take rufewa ba. Na je Malesiya na dawo, kuma in mata suka tambaye ni a gidan biki yadda ƙasar take, nakan ce akwai ruwan sama, akwai tsafta, akwai jirgin ƙasa da ke zuwa a kan lokaci, sai in ja bakina in yi shiru. Sauran labarin shi ne wannan.

Ni malamar makaranta ce. Adabin Hausa nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Kano, har maigidana ya samu tallafin gwamnati na karatun digiri na uku a wata jami'a da ke Jalan Semarak, cikin Kuala Lumpur. Muka bi shi, ni da 'ya'yanmu mata biyu. Ƙaramar ita ce Hanan, tana da shekara shida a lokacin. Babbar tana da sha biyar. Ita ce 'yar farina, kuma sunan surukata aka sa mata, don haka kowa a gida Ummi yake ce mata. Ni ko Ummin ba na faɗa. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", in da Hanan nake magana kuma in ce "yayarki". Ko a wannan rubutun ba za ku ga sunan ba. Haka mahaifiyata ta yi mini, don ni ma 'yar fari ce. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban taɓa jin ta yabe ni a gaban mutane ba, kuma ban taɓa kwana ina shakkar matsayina a wurinta ba. Tsokar da ta fi kyau a tukunya ni take aiko wa, ta hannun ƙanena.

A unguwar Setapak muka sauka, kuma wanda ya fara cutarmu a ƙasar ɗan garinmu ne. Ya daɗe a can yana dillancin gidaje. Hotunan da ya turo mana tun muna Kano na gida mai ɗaki uku ne. Da muka iso muka tarar da ɗaki ɗaya da falo an raba shi da katako, a saman wani gidan abincin mamak, irin na Indiyawa Musulmi, inda ake buga faranti da ƙarfe tun asuba. Da na yi magana sai ya dube ni yana murmushi ya ce, "Hajiya, nan fa KL ne, ba Gwammaja ba. Manage kawai, kowa haka ya fara." Maigidana ya taka mini ƙafa, na haɗiye abin da ke bakina. Mun zauna a gidan nan har muka bar ƙasar, kuma kayanmu sun daɗe suna ƙanshin kori bayan mun dawo.

Babbar damuwarmu makarantar yarinyar ce. Ta gwamnati ba ta da sauƙin shiga ga ɗan baƙo, masu zaman kansu kuwa ba na irinmu ba ne. Matar malamin da ke duba aikin maigidana ce ta ba mu labarin wata makaranta mai tsarin Amurka da ke ba 'yan tsiraru gurbi kyauta in sun ci jarrabawa. Yarinyar ta zauna ta ci. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska, na fito na ce mata ta tashi ta wanke kwanuka. Amma gurbin da sharaɗinsa: darasi ɗaya ta faɗi ƙasa da makin da suka gindaya, an karɓe shi an ba wani.

Ba mu gama sanin hanyar kasuwa ba korona ta sauka. Aka kulle gari, 'yan sanda da sojoji suka tare tituna, mutum ɗaya ke fita cefane a kowane gida. Jirage suka daina tashi. Makarantu suka rufe, suka ɗan buɗe, suka sake rufewa, karatu ya koma cikin kwamfuta. Wato in yarinyar ta rasa gurbin nan, babu wata makaranta, babu kuma hanyar mayar da ita Kano. Sai dai ta zauna tsakanin katako da bango tana kallona ina kallonta, shekarun karatunta suna wucewa.

A cikin wannan hali ta shiga ajin adabin Amurka. Malamar wata Ba'amurkiya ce, Mis Lori, mai gajeren gashi da tabarau, da wata kyanwa da ke ratsawa ta gaban allo. Tun ranar farko ta turo dokokin ajinta, ta ce sai iyaye sun karanta sun sa hannu. Na zauna na karanta da idon 'yar'uwar sana'a. Kamara a buɗe, fuska a fili. Aikin da ya makara ba ya samun cikakken maki. Wanda ya kwafi aikin wani ya faɗi, babu roƙo babu aiko kawu. Kowa ya zo aji ya karanta shafukan da aka ba shi. Waɗannan duk na yarda da su, har na ji sun burge ni, don na san yadda na sha fama da masu zuwa aji da littafin da ko buɗe shi ba a yi ba. Sai na iso kan abin da ta kira shiga tattaunawa, wanda ta ɗora wa kusan kashi ɗaya cikin uku na makin. A ƙarƙashinsa ta rubuta cewa ba ta ba da maki don an yarda da ita. So take ɗalibi ya dube ta ya ce ta yi kuskure, ya kawo hujjarsa daga littafin. Wanda ya yi shiru, a wurinta bai zo aji ba.

Dariya na yi. Na ce wa maigidana ya zo ya ga ƙasar da ake ba yaro lada don ya yi wa malami musu. Ni a ajina in na shigo tsit ake yi, kuma yarinyar da ta ɗaga ido ta ce mini ba haka ba ne, ranar sai uwarta ta ji. Ya ce in sa hannu kawai, Turawa haka suke rubuta abu don a ce sun rubuta. Na sa hannu ina dariyar.

Ashe da gaske take. Kamara ce ta fara ba mu wahala. Sauran yaran ajin kowa da ɗakinsa, da kantar littattafai a bayansa, wani ma ta tagarsa ana hango wurin ninƙaya. Ita kuwa bayanta katako ne da igiyar shanya, ga babanta a gefe yana fama da nasa malamin, ga Hanan tana wucewa da kofi, ga masu babur a ƙasa suna ta hon suna jiran abincin tapau, wato na ƙunshi, da za su kai wa mutane gida. Sai ta riƙa kashe kamarar, ana rubuta mata ba ta zo ba.

Ƙofar da ke gefen tamu ta wata bazawara ce 'yar ƙabilar Malay, Kak Ros. Ɗanta ɗaya kulle ya rutsa da shi a wani gari, ɗakinsa yana nan babu kowa. Tun farkon kulle takan rataya mana leda a hannun ƙofa, wata rana shinkafa mai kwakwa, wata rana ayaba soyayya, ta ƙwanƙwasa ta koma, in na leƙo ta ce, "Makan lah," tana nuna baki. Ban taɓa roƙon baƙo komai ba a rayuwata, amma na ɗaura takunkumi na je na tsaya a bakin ƙofarta, da guntun Turancinta da nawa da hannu da ido, na roƙi aron ɗakin. Ban rufe baki ba ta ce, "Boleh, boleh," wato ta yarda. Da kanta ta juya teburin yadda hasken taga zai sauka a fuskar yarinyar. Na so in saka mata da dambun naman da aka aiko mana da shi tun kafin kulle, ta ɗanɗana yajin ya sa ta hawaye, ta ce in ƙaro. Yarinyar ba ta san ni na je roƙon ba. Cewa na yi Kak Ros ce ta yi tayi.

Kamara ta gyaru, baki bai buɗe ba. Rubutunta kullum a sama yake, Mis Lori har alamar tauraro take sa mata. Amma a aji tana zaune kanta a sunkuye, in an kira ta ta ce ta yarda da abin da malama ta faɗa. Haka na tarbiyyantar da ita, kuma haka ake yabonta a Kano, har maƙwabta suna cewa 'ya'yansu su yi koyi da ita. Kafin tsakiyar zango saƙo ya iso cewa makinta na tattaunawa ya ja sauran ƙasa, tana dab da layin da in ta faɗa ƙarƙashinsa gurbin ya tafi. Malamar ta nemi ganin iyaye ta allo.

Ranar maigidana yana da zama da malaminsa, don haka ni na zauna. Na sa mayafina mai kyau. Yarinyar tana gefena, inda kamara ba ta kai ba. Mis Lori ta gaishe ni da fara'a, ta ce kafin a shiga matsala tana so in faɗa mata abubuwan da nake alfahari da su game da 'yata, ta ambaci sunan, ta maimaita shi, kamar tana miƙo mini in karɓa.

To, me uwa take cewa in malami ya tambaye ta ɗanta, balle ɗan fari, balle yana zaune yana ji? Abin da aka faɗa a kaina na faɗa, abin da iyaye suka faɗa mini sau ba adadi a ofishin makarantarmu. Na ce yarinyar nan malalaciya ce, ba ta iya komai ba, sai abin da kuka koya mata. Na ce na ba ki ita amana, in ta yi ba daidai ba ki hukunta ta, kada ki raga mata, mu ma a gida ba ma raga mata. Na ce duk hukuncin da kika yi mata ba za mu tambaye ki ba. A wurinmu wannan ita ce girmamawa mafi girma da za ka yi wa malami, kuma kowace yarinya ta san fassararta. Ina maganar ina murmushi, ina jin na fita kunyar malama.

Fuskar Mis Lori ta sauya. Ta cire tabarau ta mayar. Ta tambaye ni, a hankali, ko akwai dalilin da ya sa ban ambaci sunan 'yata ba tun da muka fara. Na ce a'a, babu komai. Ta rubuta wani abu, ta yi godiya, allon ya mutu.

Kwana kaɗan bayan haka mai kula da walwalar ɗalibai na makarantar ya nemi yarinyar ita kaɗai, ya ce ta rufe ƙofa ta sa abin ji a kunne. Ya tambaye ta ko ana dukanta, ko ana hana ta abinci, ko tana tsoron uwarta. Daga nan aka kira mu, ni da babanta. Maigidana hankalinsa ya tashi, don takardun zamanmu duk a jikin tasa suke rataye, kuma baƙo ba ya son sunansa ya shiga bakin hukuma ko da a kan alheri ne. Ya zage da Turancinsa na 'yan boko yana bayanin kara da alkunya, mutumin yana gyaɗa kai yana rubutu. A ƙarshe suka ce sun fahimta, al'ada ce, magana ta wuce. Amma suka turo mini wata 'yar takarda mai hotunan iyaye suna rungumar 'ya'yansu, da shawarwari kan yadda ake ƙarfafa wa yaro gwiwa. Ni da na raini 'ya'yan mutane shekara da shekaru, aka zaunar da ni ana koya mini son ɗiyar da na haifa. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba.

Sai daga baya na gane abin da ya faru da yarinyar ranar ganawarmu da malamar. Ta saba jin irin maganar nan tun tana ƙarama, a gaban gwaggonni da malamai da ke dariya suna cewa ai ƙarya kike, yarinyar kirki ce. Ranar babu wanda ya ce ƙarya nake. Fuskar wata ta gani tana jin tausayinta.

Makin dai bai motsa ba, kuma zango yana tafiya. Na zauna na yi tunani irin na malama. In jayayya ce jarrabawar, to jayayya darasi ce, kuma babu darasin da ba a koyarwa. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Na fara ɗaukar littattafan ajin in ta ajiye, ina karantawa tsakanin girki da wanki. Na lura mutanen cikinsu kusan halinsu ɗaya. Yaro ya dubi ubansa ya ce ba haka ba ne, ya haɗa kayansa ya kama hanya, marubucin kuma yana bayansa yana tafa masa. Ban so su ba, amma na karanta su tsaf.

A kicin muka buɗe aji, wurin da mutum biyu ba sa juyawa sai sun gogi juna. Ina juya miya na ce mata, "Yaron nan na littafinku ɗan banza ne, bai kyauta wa uwarsa ba. Me kika ce?"

Ta ce, "Haka ne, Umma."

"Ba haka ne nake nema ba. Ki ce ba ki yarda ba."

"Umma, ba zan iya ba."

"Za ki iya. Ɗago ki kalle ni. Cikin ido."

Ta ɗago, hawaye ya cika mata ido. Rabon da mu haɗa ido haka tun tana goye. Nawa idon ne ya so ya gudu, na riƙe shi da ƙarfi, don malama ba ta sunkuyar da kai a gaban ɗaliba. Ta faɗa da wata murya da ko ludayin da ke hannuna bai ji ba. Na ce ta sake. Ta sake. Na ce ina hujja, a wane shafi. Miyar ranar ta kama, muka ci haka.

Kullum muka riƙa yi. In faɗi ra'ayi, wani lokacin wanda ni kaina ban yarda da shi ba, ita kuma ta rushe shi. Yarinyar tana da kai, wannan kam zan iya rubutawa tunda ba a gabanta nake ba. Cikin 'yan makonni na fara jiyo muryarta ta bango daga ɗakin Kak Ros, tana katse wani yaro, tana cewa malama ta duba shafi kaza. Maki ya fara hawa. Na ji daɗi, kuma na ji tsoro, don na lura abin bai tsaya a bakin ƙofar Kak Ros ba. Ta fara amsa mini da Turanci. Ta fara tambayar dalilin abubuwan da ba a tambayar dalilinsu.

A tsakanin nan surukata, mai sunan, ta rasu a Kano. Babu jirgi. Maigidana ya karɓi gaisuwar mahaifiyarsa ta waya, yana zaune a kan tabarma a bayan katako, 'yan'uwanmu ɗalibai suna kira ɗaya bayan ɗaya don ba halin taruwa. Kak Ros ta rataya mana abinci har aka yi bakwai. Bayan an share makoki, muna cin abinci, ya ce shi bai ga amfanin yi wa mamaci kuka ba, addu'a ita ce gatansa. Yarinyar ta ajiye cokali ta dube shi ta ce, "Abba, I disagree." Ta kawo hujjojinta a jere, har da hadisi. Da ta tashi ya juyo gare ni ya ce, "Tsumman nan da kika ɗaura mata ya fara zama jelar gaske." Na ce ya bari a gama zango, in gurbin ya tabbata zan kwance shi. Har ga Allah na ɗauka abin kwancewa ne.

Aikin ƙarshe na ajin yana cikin dokokin da na sa wa hannu tun farko, ban dai kula da shi ba. Kowane ɗalibi zai rubuta wani abu daga rayuwarsa, da muryarsa, irin yadda marubutan da suka karanta suka yi, ya karanta a gaban aji, a gayyaci iyaye su saurara. Makinsa ne zai yanke hukuncin gurbin. Na tambaye ta me ta rubuta, ta ce doka ta hana a taimaka mata. Gaskiyarta, na ga dokar da idona.

Ranar ta shiga ɗakin Kak Ros, ni kuma na zauna a namu da waya a hannu. Bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka kowace magana sau biyu na ji ta, ta bango tukuna, sannan ta waya. Ta kalli kamara sosai, yadda na koya mata. Ta ce a gidansu ita "ke" ce. Ta ce uwarta tana kiran sunan ƙanwarta tun safe har dare, tana ɗora ta a cinya, tana yi mata kitso tana waƙa, ita kuwa ba ta san yadda sunanta yake fita daga bakin da ya fara sumbatarta ba. Ta ba da labarin ranar da na ce wa malamarta malalaciya ce. Ta yi adalci, ta ce al'ada ce, ta ce kakarta ma haka ta yi. Sannan ta ba da labarin kicin. Ta ce uwarta ce ta koya mata jayayya a bakin tukunyar miya, kuma a nan ne kaɗai uwarta ta taɓa kallonta cikin ido, shi ma don maki ne. Ta rufe da cewa an gaya mata shirun nan ƙauna ce, ta duba, ta nemi hujja a kowane shafi, kuma ba ta yarda ba.

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba ta san da kukan banɗaki ba, ba ta san wanda ya tsaya a ƙofar Kak Ros ba, ba ta lura da tsokar da Hanan ke kai mata ba, ko kuwa ta lura amma a ajin Mis Lori abin da ba a faɗa ba bai zo aji ba. Ni a wurin mahaifiyata ban buƙaci a faɗa ba, don duk unguwa tana taya ta faɗa. A Setapak babu unguwa, daga ni sai katako.

Allon ya cika da ƙananan hannuwa masu tafi. Mis Lori ta cire tabarau tana share ido, ta ce wannan shi ne abin da take nema tun farkon shekara, ta tambaya ko mahaifiyar tana tare da su. Na kashe kamarata. Kak Ros, wadda ba ta tsinci abin kirki a Turancin ba, ta fito tana riƙe da hannun yarinyar tana washe baki, tana nuna mini kanta tana cewa, "Pandai, pandai," wato mai ƙwaƙwalwa. Na ce mata na gode.

Ta samu maki mafi girma a ajin. Gurbin ya tabbata har ta gama makarantar. Abin da na nema ke nan, kuma na samu.

Da aka sassauta kulle, wata Asabar da yamma muka hau jirgin ƙasa zuwa tafkin Titiwangsa don yara su sha iska. Kowa da takunkumi. Maigidana ya yi gaba da Hanan wajen masu hayar keke, aka bar mu mu biyu a kan wani benci, dogayen gine-ginen birnin suna cikin ruwa a gabanmu. Tun ranar karatun ba mu ta da maganar ba. Ni ina jiran ta ba ni haƙuri, ashe ita ma jira take.

Ta juyo ta kalle ni kai tsaye. Da Hausa ta yi maganar, kuma na ji daɗin wannan ko ba komai. Ta ce, "Umma, sau ɗaya kawai. Ba kowa a nan. Ba wanda ya san mu."

Gaskiya ta faɗa, ba kowa. Babu gwaggo, babu maƙwabciya, mai sunan ma tana kabari. Na ce a raina mene ne a ciki, ni da na roƙi baƙuwa ɗaki, ni da na koya wa 'yata yi mini musu, gaɓa nawa ne sunan? Na tattaro shi tun daga ciki. Na buɗe baki, harshena ya yi abin da ya kamata, leɓɓana suka motsa, suka kai shi har ƙarshe. Murya ce ba ta biyo ba. Na faɗi sunan 'yata cikakke, karo na farko a rayuwata, a bayan shuɗin ƙyallen takunkumi, kuma ba ta gani ba.

Ta jira. Ta ƙara jira. Sannan idonta ya yi irin laushin nan da na gani a fuskar Mis Lori ranar ganawar iyaye, ta dafa bayan hannuna ta ce, "It's okay, Umma." Ta tashi ta bi babanta wajen kekuna.

Mun dawo Kano mu uku. Ita tana Amurka, wata jami'a ta ɗauke ta kyauta, kuma rubutun nan ne ta tura musu da takardar nemanta. Mata suna yi mini barka, suna cewa tafiyarmu ta yi riba. Tana kira duk Juma'a, ba ta fashi. In wayar ta yi ƙara na ɗauka, takan ɗan yi shiru kafin ta yi sallama, kamar mai ba ɗalibi dama ya amsa. Ni kuma in ce, "Ke ce?"